Hutun ƙarshen shekara a kulle: sanyin nan da hunturun gida

Ɗan Fagge (Landan), Lahadi 20 ga Disamba, 2020

Assalamu alaikum jama'a. Kun dai ji Firaministan Birtaniya Boris Johnson jiya da yamma. Daga yau Landan da kudu maso gabas muna mataki na huɗu na dokar kullen korona. Kwana biyar ɗin da ya ce za a sassauta saboda Kirsimeti, daga 23 zuwa 27, ya janye su. Ku na arewacin Ingila an bar muku ranar 25 kaɗai, mu ko ita ba a bar mana ba, wai sabon nau'in korona da ya ɓulla a Kent ya fi na da saurin yaɗuwa. In ba shagon abinci ko na magani ba, kusan komai a rufe, har masu aski.

Ni ba Kirsimeti nake yi ba, amma a ƙasar nan wannan hutun ne kaɗai kowa yake samun sarari lokaci ɗaya. A cikinsa muke saka walima, a cikinsa ake hawa mota a tafi Manchester ko Leicester a kwana gidan 'yan uwa. Bana ga hutun, ga ɗaki, ga hita, babu inda za ka. Kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Ka idar da La'asar, ka ɗora ruwan shayi, Magariba ta shigo.

Tun safe hunturun Fagge nake ta tunawa. Yaran layi sun tara kara da kwali sun hura wuta bayan Asuba, kowa ya miƙa hannu, ƙafafu fari fat, ana jiran mai ƙosai ta kwashe kaskon farko. Ku fa, yaya kuke cinye ranakun nan? Ko ni kaɗai ne sanyin nan yake mayar wa gida?

Maman Ilham (Manchester)

Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, sannunku da shigowa, mu nan mun riga ku sha. Kun manta daren Babbar Sallah? Ranar 30 ga Yuli, dare ya yi, ministan lafiya Matt Hancock ya sanar cewa daga sha biyun dare ba mai shiga gidan wani a Manchester da kewaye da wasu garuruwan Lancashire da Yorkshire. Sallah washegari. Na soya cincin, na yi wa yara lalle, na jiƙa shinkafar waina ta gida huɗu. Haka muka zauna mu biyar muna kallon tukwane.

Yau maƙwabciyata Baturiya ta tare ni ta saman katanga, idonta ya yi ja, ta sayi talotalo na mutum goma kuma 'yarta da ke Landan ba za ta zo ba. Wallahi na tausaya mata. Amma ba zan ɓoye muku ba, wani ɓangare na zuciyata cewa ya yi, to, yanzu kun ji yadda ake ji.

'Yar Wusasa (Kent)

Anti Maman Ilham, a yi mana a hankali, ba Turawa kaɗai abin ya shafa ba. Ni ma Kirsimetina ce aka kulle. Da ma ina bakin aiki a asibiti ranar 25, na saka rai zan je wurin yayata a Birmingham washegari, yanzu ko garin nan ba zan bari ba.

Ɗan Fagge ya taɓo mini inda yake ƙaiƙayi. A Wusasa Kirsimeti da hazo take zuwa. Da sassafe ka fito, dutsen ma ba ka ganinsa sosai, muna tafiya cocin St Bartholomew, tsohon ginin ƙasa na 1929, da sababbin kaya da rigar sanyi a sama ta ɓata mana kwalliya. Waƙoƙi da Hausa, wa'azi da Hausa. Ana tasowa mama za ta jera kwanuka, shinkafa da miya da naman kaza, ta ce wannan gidan Malam, wannan gidan Hajiya, wannan na mai gadin asibiti. Mu ne 'yan aike. Kafin mu gama zagaye ƙafa ta yi futu-futu, amma aljihu ya cika da tukwici. Da Sallah kuma kwanukan su dawo da waina da naman layya. Nan shekarata nawa a gidan da nake, sunan na ƙasa da ni a jikin wasiƙa na san shi.

Maman Ilham (Manchester)

Ƙanwata, da gwamnati nake, ba da ku ba. Allah ya ba ku ladan aikin da kuke yi.

Sabon Zuwa (Aberdeen)

Salam iyayena da yayyena. Ban taɓa magana a nan ba, karatu kawai nake yi. Na zo a watan Oktoba yin digiri na biyu. Ina sauka na killace kaina sati biyu, ina fitowa na tarar darasi duk ta kwamfuta ne. Malamaina a allo na san su. Tun da na zo ban gaisa hannu da hannu da kowa ba. 'Yan ƙasar da muke bene ɗaya sun tafi gida tun farkon wata, saura ni da wani ɗan Indiya da ba ma haɗuwa sai a wurin injin wanki.

Ɗan Jos ne ni, na zo da taƙamar na san sanyi. Sanyin ba shi ya kayar da ni ba, duhun ne. Nan uku da rabi ba ta cika ba rana ta faɗi, da safe kuma sai wajen tara saura take leƙowa, in ta ga dama. Barcina ya juye, ina kwana ido biyu, in farka Azahar ta wuce. Jiya na tsinci kaina ina yi wa tukunya magana. A Anguwar Rogo in sanyi ya matsa sai mu sauka wurin mai shayi, a yi kauri, a soya ƙwai, a yi musun ƙwallo har sha ɗaya. Ba na gaya wa mahaifiyata komai, in ta kira sai in ce lafiya lau.

Baba na Bradford

Ɗana na Aberdeen, ka yi daidai da ka yi magana. Ka saurare ni.

Gobe ka je kantin magani ka sayi bitamin D, ba ya buƙatar takardar likita kuma ba shi da tsada. Hukumar lafiya ta ƙasar nan ta ce kowa ya sha maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, mu masu baƙar fata kuwa har a yi shekara ana sha, domin ranar nan ba ta isar fatarmu. Sannan ko me ake ciki ka fita tsakanin Azahar da La'asar, ko ana yayyafi. Kana da bakin teku a garinku, ka taka ka je ka dawo. Ka daina kwanciya bayan Asuba har sai barcinka ya koma daidai.

Kuma doka ba ta ce ka mutu kai kaɗai ba. A Ingila da Sikotilan duka, wanda yake zaune shi ɗaya an yarda ya haɗe da gida guda, ya shiga ya fita kamar ɗan gidan. Aberdeen cike take da 'yan Najeriya saboda aikin mai. Jama'a, wa ya san wani gida a can? Mahaifiyarka kuma ka rage mata "lafiya lau" ɗin nan, uwa tana ji a murya.

Na Gida (Kano), Litinin 21 ga Disamba

Baba, Allah ya ƙara girma, shawararku ta yi. Amma sauran, ku bar ni in zuba ruwa a wutar karan nan da kuke ta hurawa. Na yi shekaru a Ingila na dawo, kuma yanzu haka cikin hunturun da kuke wa waƙa nake rubutu.

Hunturu shi ne yarana uku duk suna tari. Shi ne mai asma ba ya barci. Shi ne jirgi ya kasa sauka saboda hazo, shi ne gobara a kasuwa da gidaje domin an kwana da garwashi a ɗaki. Wutar da Ɗan Fagge yake tunawa, ya tambayi kansa su wa suka fi zama a bakinta: almajiran da suka kwana a soro ba bargo. Ku kuna da hita da ruwan zafi a famfo, kuna kewar faso da kaushi?

Kuma garin ba yadda kuka bar shi yake ba. Majalisar ƙofar gida tana nan, amma kowa kansa a kan waya. Biki ya koma zauren taro, sai da kati ake shiga. Kwana goma da suka wuce aka kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar Ƙanƙara, sai ranar Alhamis aka sako su. Mutum yana tunani sau biyu kafin ya hau hanyar Kaduna zuwa Abuja. Ku gode wa Allah, kaɗaici ne kawai matsalarku.

Ɗan Fagge (Landan)

Yaya Na Gida, ba wanda ya ce Kano aljanna ce, kuma duk abin da ka lissafa muna bi, wasunmu ma mu ake kira a turo na magani. Amma ka amsa mini wannan. Yau tun da gari ya waye mutum nawa ka gaisa da su baki da baki?

Na Gida (Kano)

Wa yake ƙirgawa?

Ɗan Fagge (Landan)

To ka gani. Ni na ƙirga, domin ba wuya: mai kawo saƙo, shi ma daga nesa ya ajiye ya ɗauki hoto ya juya. Abin da nake faɗa ke nan. A gida sanyi waje yake koro mutane, a taru inda wuta take ko inda rana ta fara sauka a jikin bango. Nan sanyi cikin ɗaki yake kora kowa, ya rufe ƙofa. Korona ta zo ta saka wa ƙofar kwaɗo ne kawai. Kai "kawai" ka kira kaɗaici domin ba ka cikinsa.

Na Gida (Kano)

Na taɓa zama cikinsa, shi ya sa na tattaro na dawo. Ku ma ƙofa a buɗe take.

Maman Ilham (Manchester)

Kai ma ka san ba haka ba ne. Mai yara a makaranta da aiki a hannu ba ya tashi don ya yi kewar rake. Kuma ko ziyara ce, lissafa: kuɗin jirgi na mutum biyar a Disamba, gwaji kafin a tashi, killace kai kwana bakwai a can da wani gwajin, ka dawo nan ka sake zaman kwana goma. Hutun ya ƙare a ɗaki, sai dai an canza ɗakin.

Amma tun da na ambaci rake, don Allah wa ya tuna raken Maƙarfi a wannan lokacin? Mai baro ya feƙe shi fari tas, kana sha haƙori na amsawa saboda sanyi, leɓe ya tsage, zaƙin na shiga wurin yana zafi, kuma ba za ka fasa ba.

Na Damagaram (Lyon)

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Faransa tun 15 ga wata dokar hana fita muke ciki, daga takwas na dare zuwa shida na safe. Sun ce za su ɗage ta daren 24 kaɗai, daren sabuwar shekara kuwa tana nan. Bikin fitilu da ake yi a Lyon kowane 8 ga Disamba, wanda gari ke cika har ba wurin taka ƙafa, bana ba a yi ba. Gidajen abinci da na shan kofi duk a rufe.

Ni ina bayan Ɗan Fagge, amma Na Gida bai yi ƙarya ba. Abin da na rasa shi ne fada. A Zinder kowane matashi da fadarsa, tabarma ko benci a bakin hanya, garwashi, 'yar butar shayi. Na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, kafin a gama an yi awa biyu. Ba a gayyatar kowa kuma ba a sallamar kowa. In lokacin kokowa ne a kunna rediyo, kowa da jiharsa. Nan na sayi buta irin ta gida da ƙananan kofuna, na dafa a kan murhun lantarki, kumfa ta tashi daidai. Na sha na farko, na biyu ban iya dafawa ba. Shayin mutum ɗaya ba ya kai uku.

Ranar Lahadi 27 ake zaɓen shugaban ƙasa a Nijar, mu na waje ba mu ciki, ba a yi mana rajista ba saboda cutar nan. Yanzu haka na san kowace fada a Birni da Zango ta zama majalisar dokoki, ni kuwa sai saƙon murya nake bi.

Baba na Bradford, Talata 22 ga Disamba

Jiya na karanta musunku ban sa baki ba. Yau bari tsoho ya yi surutu.

Na zo garin nan a shekarun 1980 da niyyar shekara uku. A lokacin babu shagon da za ka sami dawa ko daddawa. Da garin semolina muke tuƙa tuwo, kuka da kuɓewa busasshiya sai wanda ya je gida ya ƙunso a akwati, a raba cokali-cokali. Wasiƙa tana sati biyu ko uku a hanya. Mahaifiyata ba ta rubutu, sai a ɗauki muryarta a kaset a aiko, in saurara har zaren ya tsinke in ɗaura. Waya kuwa a akwatin bakin titi, kana zuba kwabbai tana haɗiyewa kafin a kira wanda kake nema daga maƙwabta. Saboda haka ku da kuke ganin fuskar iyayenku a tafin hannu, kada ku raina wannan.

A shekarun nan duka Kano nake kewa. Kanon da ake shiga sinimar Plaza da daddare da bargo a kafaɗa, a fito a sayi tsire. Kanon da za ka hau ganuwa ka hango gonaki. Da na koma bayan dogon lokaci sai da yaro ya yi mini jagora a unguwar da aka haife ni. Ƙofar Na'isa da na sani an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, an gina wata. A nan Na Gida ya fi ku gaskiya: garin da nake kewa ba jirgin da ke sauka a cikinsa.

Amma ga abin da ya ba ni mamaki bana. Tun watan Maris 'ya'yana suka hana ni fita saboda shekaru da ciwon suga. Kuma da na zauna, ba Kano ce take zuwa mini ba. Bradford ce. Bencin da nake zama a Lister Park ina kallon agwagi. Doguwar hasumiyar hayaƙin masaƙar Lister da nake gani in na fito daga masallaci a Manningham. Kasuwar John Street, inda wani mahauci yake ajiye mini ƙafar saniya ba tare da na ce ba. Bas ɗin da nake hawa saman bene in zauna a gaba kamar yaro. Wani dattijo ɗan Pakistan da muka yi shekaru muna sahu ɗaya, Turancinsa kaɗan, nawa Urdun babu, amma in bai gan ni ba sai ya aiko jikansa. Ya rasu a watan Afrilu, ban sami jana'izarsa ba. Duk wannan tafiyar minti goma ce zuwa ashirin daga ƙofata, kuma ya yi mini nisa daidai da Kano.

Saboda haka ɗana na Fagge, ban yarda da kai duka ba. Mutanen nan ma suna da wurin jin ɗuminsu, sai dai a ƙarƙashin rufi yake: mashayarsu, ɗakin karatu, kulob ɗin tsofaffi, filin ƙwallo ranar 26. Su aka rufe. Maƙwabcina Bature, matarsa ta rasu, shekara da shekaru yana turo mini katin Kirsimeti ta ramin ƙofa, ni kuma in aika masa nama da Sallah. Bana katin ya zo, a ƙasa ya ƙara layi ɗaya da rubutunsa mai rawa, wai in na ga labulensa bai buɗe ba har goma na safe in buga masa waya.

Yanzu rigakafi nake jira. Sun fara ranar 8 ga wata da wata tsohuwa mai shekara 90 a Coventry, Margaret Keenan, suna bin 'yan sama da 80 tukuna. In layi ya zo kaina hannu zan miƙa.

Na Gida (Kano)

Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma rigakafin nan na Pfizer ne fa, kuma ku kun fi ni sanin abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da kamfanin ya gwada maganinsa a kan yara. Mutane a nan ba su manta ba.

'Yar Wusasa (Kent)

Ba a manta ba, kuma bai kamata a manta ba. Amma Yaya, ni nake ganin masu cutar nan da idona, sashenmu ya cika. In an kira ni zan karɓa. A buɗe wa wannan maganar wani zaren daban, in ba haka ba za ta cinye wannan.

Abin da na shigo faɗa: Faransa ta rufe iyakarta da Birtaniya tun daren Lahadi, kuma manyan motoci sun yi layi a babbar hanyar M20 zuwa Dover, iya ganinka. An tura wasu tsohon filin jirgin Manston. Na wuce ta saman gada da safe na hango direbobi, yawanci 'yan Gabashin Turai, wani na goge baki da ruwan gora a gefen taya, wani ya shanya tawul a madubi. Su ma gida suke son zuwa. Mabiya addinin Sikh na Gravesend sun dafa abinci sun kai musu. Tun da na gan su na rage ƙorafi, ko ba komai ni a gado nake kwana.

Ta Winnipeg

Ina gaida kowa. Ina karanta "sanyi, sanyi" daga mutanen Landan ina dariya. Ku zo nan, inda gashin hanci yake daskarewa kafin ka kai mota, kuma mota sai an jona ta da lantarki ta kwana. Mu tun Nuwamba aka hana shiga gidan juna a Manitoba. Ni kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai nake tunawa, mama na gwada mana rigunan sanyi masu hoton barewa da dusar ƙanƙara, muna murna ba mu san me aka zana ba. Ga shi yau ina zaune a cikin hoton.

Ɗan Fagge (Landan), Juma'a 25 ga Disamba

Barkanmu da Juma'a, 'Yar Wusasa barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana.

Yau ba bas ba jirgin ƙasa a Landan, haka suke yi duk ranar 25, sai ga shi ta faɗo Juma'a. Da ƙafa na tafi masallacin Old Kent Road daga Peckham. Rye Lane da ba ka iya wucewa sai da kafaɗa, yau tattabaru ne kawai da kwalayen doya a bakin shaguna. Ta tagogi ina hango mutane biyu-biyu, uku-uku a tebur da hular takarda a ka. A wani gida tsohuwa ce ita kaɗai, ta jingina waya da kwalba tana ci tana magana da ita.

Masallaci kuwa kun san tsarin: alwala daga gida, dardumarka a hammata, takunkumi, tazara a sahu. Huɗuba gajera. Ana sallama aka fara fitar da mu layi-layi, ba musabaha, ba tsayawa a ƙofa. Na hango wani abokina ɗan Gombe, muka ɗaga wa juna hannu, ya dafa ƙirji na dafa, kowa ya kama hanyarsa. A da a bakin ƙofar nan sai mu yi awa guda. Baba, na ji maganarku, kuma a hanyar dawowa na lura Rye Lane ɗin ma kewarta nake.

Maman Ilham (Manchester)

Ku tsaya ku ji. Na ce bari in yi irin ta mutanen Wusasa, na zuba dafa-duka da kaza na ba Ilham ta ajiye wa maƙwabciyata a bakin ƙofa ta danna ƙararrawa ta ja baya. Matar ta fito, kafin ta taɓa sai da ta tambayi ko akwai gyaɗa a ciki, ko akwai barkono. Ilham ta ce kaɗan. Kaɗan ɗin attaruhu biyu ne. Bayan awa ɗaya na ji tari ta bango har na tsorata. Da yamma ga kwanona an wanke an goge, da kati, da rabin talotalo a nannaɗe. Yanzu ga ni da naman da ban san wa ya yanka ba, kuma tana leƙowa ta taga tana tambaya ko mun ci.

'Yar Wusasa (Kent)

Anti kin kashe ni da dariya, yanzu na taso daga aiki. Ki gaya mata gaskiya cikin daɗin baki, sun san halal, ba za ta ji haushi ba. Mu a gida shi ya sa kazar Kirsimeti Malam ake kai wa ya yanka.

Sabon Zuwa (Aberdeen), Asabar 26 ga Disamba

Na gode ƙwarai iyayena. Wata baiwar Allah a nan ta haɗa ni da wani gida, mutanen Bauchi ne, mijin injiniya. Sun yarda in zama ɗan gidansu a ƙa'idar da Baba ya faɗa. Jiya na ci tuwon shinkafa da miyar taushe, yaransu suka haye ni suna ja mini gemu. Daga yau mu ma an saka mu mataki na huɗu a nan, amma wannan haɗin bai karye ba. Bitamin na saya, bakin teku ina zuwa, barcin ne har yanzu da saura.

Tambaya ga iyaye mata: ana iya kunun gyaɗa da man gyaɗan kwalba na kanti? Na gwada ya tsinke.

Maman Ilham (Manchester)

Ana yi. Ka nemi wanda ba suga ba gishiri, ka dama shi da ruwan ɗumi ka tace, ya tafasa sosai kafin ka zuba ƙullun garin shinkafa kana juyawa. Lemon tsami sai ka sauke. Kai tun a wuta ka matsa, shi ya sa.

Na Gida (Kano)

Tsamiya ake sawa, ba lemo ba. Kun ga irin abin da nake faɗa, har kunun ma kun sauya masa hali.

Maman Ilham (Manchester)

Aiko mana da tsamiyar.

Na Damagaram (Lyon)

Ina da shawara. Gobe Lahadi mu haɗu ta bidiyo, kowa ya dafa shayinsa, ko na kai ga na uku. Ƙarfe biyu agogon Landan, uku ke nan a Lyon da Kano. Baba, a sa jika ya kunna muku kyamara.

Na Gida (Kano)

In akwai wuta da data zan shigo, don in nuna muku hazon da kuke kuka a kansa.

Ta Winnipeg

Biyun Landan takwas na safe ne a nan, gari bai gama wayewa ba kuma yara na barci. Ku mayar da shi biyar, kun yi Magariba, mu kuma mun karya.